Gyatsar Shanu da Ɗumamar Yanayi: Yadda Awo Ke Bambanta Tsakanin Ƙasashe Masu Arziki da Makiyayan Gombe

Saniya da tunkiya da akuya dabbobi ne masu tuƙa. Ciyawar da suka haɗiya takan fara sauka a tumbi, inda ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke ruɓar da ita har jiki ya samu abin amfani. A cikin wannan aiki ne wasu ƙwayoyin ke samar da iskar metan, kuma galibinta ta baki take fita, wato gyatsa, ba ta baya ba kamar yadda ake zato. Metan ba ta daɗewa a sararin sama, kimanin shekara 12 take yi, amma tana riƙe zafi fiye da iskar kabon kusan sau 80 idan an auna a shekara 20, kusan sau 28 a shekara 100. Rahoton Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013 ya ɗora wa kiwo kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya, kuma gyatsar dabbobi na cikin manyan kason wannan adadi.

Gardama tana farawa ne daga mudun da aka auna da shi. Jadawalin da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa saniyar tatsa a Arewacin Amurka tana fitar da kilo 128 na metan a shekara, ta Afirka kuwa kilo 46. Idan kai ɗaya ake ƙirgawa, saniyar Bature ce mai laifi. Sai dai jadawalin ya ce ta Amurka tana ba da madara kilo 8,400 a shekara, ta Afirka kilo 475. Da an raba, kowace lita a can ta ci kimanin giram 15 na metan, a nan kuwa ta doshi giram 100. Da wannan lissafin ne ake cewa kiwon ƙasashe matalauta ya fi ɓarna.

Lissafin daidai ne, amma bai cika ba. Saniya Bunaji ko Rahaji da ke hurumin kiwo na Wawa-Zange ba don nono kaɗai ake ajiye ta ba. Kashinta taki ne a gonar dawa da masara, ɗanta bijimi shi ke jan garma da amalanke, ita kanta asusu ce da ake kaiwa kasuwar Tike ranar da aure ko jinya ta taso. Wanda ya ɗora dukkan gyatsarta a kan ƙwaryar nono ya manta da sauran. Haka kuma saniyar Turai tana cin hatsi da waken soya da aka noma da takin zamani, wani lokaci a wata nahiya, kuma wannan ba ya fitowa a ma'aunin gyatsa.

Ƙasashe masu arziki sun fi karkata ga magani da haraji. Tarayyar Turai ta amince da sinadarin Bovaer a 2022, wanda ake gauraya wa shanun tatsa a abinci yana rage metan da kusan kashi 30. Denmak ta yanke a 2024 cewa za ta fara karɓar haraji kan iskar dabbobi daga 2030. Duka biyun suna buƙatar dabbar da ke ɗaure wuri guda, ana auna mata abinci kullum, ana rubutawa. Garken da ke barin Dukku ko Nafada da rani yana neman fadama ba ya cikin wannan tsari.

Abin da ya dace da Gombe yana cikin rani ne. Metan asarar abinci ce: tsakanin kashi 2 zuwa 12 na ƙarfin abin da dabba ta ci yana tafiya a iska, kuma busasshiyar ciyawa mai tauri ta fi jawo wannan asara. Daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa saniya tana zubar da naman da ta tara da damina, nono ya ƙafe, haihuwa ta yi jinkiri, amma gyatsa ba ta tsaya ba. Watanni ne na metan ba tare da amfani ba. Harawar wake da ta gyaɗa da aka adana tun kaka, dusa, ƙuli-ƙulin angurya a yankin da ya daɗe da sanin auduga, da 'ya'yan gawo, duk suna rage ramar. Rigakafin ciwon huhu da maganin sammore da na tsutsar hanta suna yin irin wannan aiki, domin dabbar da ta yi shekara huɗu tana ci sannan ta mutu ta fitar da iskarta a banza. Makiyayi ba sai an ambata masa yanayi ba kafin ya so waɗannan.

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar rage metan da aka ƙaddamar a Gilasgo a 2021, mai burin rage kashi 30 a duniya kafin 2030, kuma a 2024 ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Sai dai adadi irin na jadawalin 2006 ƙiyasi ne na yanki baki ɗaya. Auna abin da Bunaji ke fitarwa a damina da kuma rani, a kan abincin da take ci a zahiri, aiki ne da ke gaban masu bincike a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere.