Jawabi Ga Masu Babur: Yadda Ake Ƙara Masa Ƙarfin Jan Kaya

Jawabin wannan wata na masu babur ne, musamman masu bin hanyar ƙauye, inda ba kwalta sai yashi da taɓo da gangaren rafi.

Kowa ya san kukan da ake yi. Babur ya ɗauko buhun masara biyu, a kan titi yana gudu lafiya. Da ya shiga yashi, ko ya fara hawan tudu, sai ya riƙa shaƙewa, har ya mutu. Mai shi ya kama kuloci rabi da rabi yana murɗa totur. Bayan 'yan makonni kulocin ya ƙone. Idan hatsi ne a baya, da sauƙi. Wata rana mace ce mai naƙuda za a kai asibiti.

Abin da za a fara ganewa shi ne, gudu daban, ƙarfin ja daban. Doki ya fi sa gudu, amma sa ake ɗaura wa garma. Akwai baburan da aka ƙera don gona da daji, kamar Yamaha AG. Amma yawancin waɗanda ke hannun jama'a, irin su Bajaj Boxer, ƙananan injuna ne masu siisii 100 zuwa 150, kuma an daidaita su ne don su yi gudu a titi su kuma ja kaya daidai gwargwado.

Kafin a sayi komai, a fara dawo wa inji da ƙarfin da ya rasa. Inji yana numfashi kamar mutum. Ƙurar hunturu kan toshe matatar iskarsa. Idan ta soso ce, a wanke ta da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta, sabuwa ake sa. Sannan a duba fulogi, a wanke kafireta, a sa bakanike ya saita bawul lokacin da inji yake da sanyi. Idan an murɗa totur inji ya yi ƙara amma babur bai ƙara sauri ba, kuloci ne ke zamewa. Babur da yawa nan ciwonsu ya tsaya.

Idan an yi duk wannan ƙarfin bai isa ba, sai a koma kan cen da faifai biyu masu haƙora da cen ɗin ke hawa. Ƙarami yana jikin inji, babba yana jikin tayar baya. Mai babur ya tsuguna ya ƙirga haƙoransu, ko ya karanta lambar da aka buga a jikinsu.

Ga misali. A ce ƙaramin yana da haƙora 14, babban yana da 42. A raba 42 gida 14, ya ba da 3. Watau sai ƙaramin ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka cire mai 14 aka sa mai 13, sai ya juya sau uku da kusan kwata. Ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari ke nan, a kowace giya. A yashi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babur zai tashi da kaya ba tare da an wahalar da kuloci ba.

Ana kuma iya barin na gaba a canza na baya, daga 42 zuwa 45. Haƙori ɗaya a gaba kusan daidai yake da uku a baya. Wannan ya fi tsada, don wataƙila cen zai yi gajarta, kuma babban faifai kan iya gugar murfin cen. Amma ya fi tausaya wa cen, domin faifan gaba idan ya cika ƙanƙanta yana cin cen da wuri. Kada a sauka ƙasa da 13.

To, wannan ƙarfi ba kyauta ba ne. Inji bai ƙaru da komai ba, gudu aka sayar aka sayi ja. Babur mai kai kilomita 80 a awa zai dawo wajen 74. A doguwar kwalta kuma zai ɗan ƙara shan mai, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowace lita abin lissafi ce. Saboda haka ɗan acaɓa na cikin gari ba ya bukatar wannan gyara. Na manomi ne da mai jigilar kasuwar ƙauye.

Akwai wata al'ada ta samari, ta fasa salansa a cire abin da ke cikinta, wai don babur ya ƙara ƙarfi. Ƙara ce kawai ke ƙaruwa. Sau da yawa ƙarfin tashi raguwa ma yake yi, ga tayar da unguwa da asuba.

Wanda zai yi gyaran ya tafi shago da tsohon faifansa a hannu, don a gwada rami da girman haƙori. Yawancin waɗannan babura cen mai lamba 428 suke amfani da shi. Idan tsohon cen ya miƙe, a canza shi tare da faifan duka biyu, domin tsohon cen yana lalata sabon faifai. A bar wa cen sassauci kamar faɗin yatsa biyu. Birki da waya da tayoyi kuwa suna nan yadda suke, don haka nauyin da babur zai iya ɗauka bai canza ba.