Ciwo Ba Laifi Ba Ne



Yau za mu yi magana a kan abin da ba a son ambata a zaure, watau ƙanjamau, da halin da mace ta kan shiga ran da likita ya ce mata tana ɗauke da ƙwayarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To, mu kasa kunne.

An fara gane wannan ciwo a Amurka cikin 1981. A Nijeriya kuwa an ba da labarinsa na farko cikin 1986. Ƙwayar tana karya garkuwar jiki ne, har kowace cuta ta sami ƙofar shiga. A wancan zamani babu magani mai ƙarfi, wanda ya kamu sai ya yi ta ramewa har rai ya yi halinsa. Daga nan tsoro ya shiga zukatanmu. Amma tun 1996 aka samo haɗin magunguna masu danne ƙwayar. Ba su raba ta da jiki ɗungum, amma wanda ya riƙe shansu kullum ya kan murmure, ya yi sana'arsa, ya yi aure, ya tsufa kamar kowa. Magani ya yi gaba, tsoronmu kuwa yana nan inda ya ke.

Me ya sa muka keɓe mata? Ƙidayar da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ta nuna cewa cikin masu shekara 15 zuwa 49, mata 19 cikin 1,000 ke ɗauke da ƙwayar, maza kuwa 9. Ban da haka, mace ita ce mai zuwa awon ciki, a can a kan gwada jininta. Saboda haka sau da yawa ita a kan fara gaya wa, miji kuwa bai taɓa yin gwaji ba. Sai a ce ita ta kawo ciwo gida. Wannan ba hujja ba ce. Ƙwayar ta kan yi shekaru a jikin mutum ba wata alama. Wanda aka fara gwadawa ba lalle shi ya fara kamuwa ba.

Ku duba abin da tsangwama ke jawowa. Mace ta dawo daga asibiti, tana tsoron saki, tana tsoron gorin kishiya da bakin dangin miji. Sai ta yi gum. Wata ta kan ɓoye maganin cikin kwalla, ta ɓare takardar jikin kwalbar. Wata ta kan tafi asibitin wani gari mai nisa don kada idon sani ya gan ta. Ran da kuɗin mota ya gagara, ko baƙi suka cika ɗaki, sai ta tsallake sha. In tsallakewa ta yi yawa, ƙwayar ta kan farfaɗo, har ta daina jin maganin. Kun ga ke nan bakinmu ne ya kwantar da ita.

Asarar ba ta tsaya kanta ita kaɗai ba. In uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100, daga 15 zuwa 45 za su iya ɗauka, a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In tana sha yadda aka ce, ba su kai 5 ba. Haka kuma wadda ta riƙe magani har gwaji ya kasa ganin ƙwayar a jininta, ba ta sa wa mijinta ta wajen kwanciya.

To, yaya matan da suka tsaya da ƙafafunsu suka yi? Da fari sun sami mutum guda mai riƙe sirri, uwa ko 'yar'uwa, suka gaya masa. Sa'an nan suka shiga taron masu irin lalurarsu da a kan yi a asibitoci, inda a ke ba juna shawara da ƙarfin gwiwa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sun ɗaura shan magani da wani lokaci da ba ya wuce su, kamar bayan sallar asuba. Kuma ba su saki sana'arsu ba, ko ƙuli-ƙuli ce ko ɗinki.

Mu fa, mene ne namu? Mu sani ba a ɗaukar ƙwayar ta gaisuwa, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko cizon sauro. Ana ɗauka ta wajen kwanciya, da ta jini, kamar aska ko allurar da wani ya yi amfani da ita, da kuma daga uwa zuwa jariri. Kada mu ware wa kowa kwano. Doka ma, tun 2014, ta hana a wulakanta mutum ko a kore shi daga aiki saboda wannan ciwo.

Magidanta, in matarka ta zo maka da wannan labari, kada ka ɗauko takardar saki. Ka raka ta asibiti, kai ma a gwada ka, a gwada yara, da abokiyar zamanta in akwai. Ku kuma mata, tun da kun iya karatu, ku riƙa karanta ranar komawa asibiti da ke jikin kati da kanku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare bakunanmu daga gori. Amin.