TARIHIN BINCIKEN TSIRRAN ƘASARMU DA NAUYIN DA KE KANMU

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ma'aikaci a sashen gandun daji, ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Lokacin da Sakatare ya sanar da ni cewa kwamiti ya ɗora mini jawabin bana, sai da gabana ya faɗi, domin zan tsaya ne a gaban mutanen da suka san makin da na ci a jarrabawar Bayoloji ta aji huɗu. Amma tun da manya sun ce a yi, ba ni da ta cewa. Zan yi magana a kan tsirran ƙasarmu: yadda aka bincike su, waɗanda suka rubuta su, da abin da ya rage a kanmu. Ina roƙon malamaina, inda na yi kuskure a gyara mini kamar yadda aka saba.

Abin da ya jawo wannan magana

A shekarar 2016, ban daɗe da kama aiki ba, ofis ya tura ni ƙidayar itatuwa a wani gandun daji. Aka haɗa ni da wani dattijo, tsohon maharbi da ke gadin wurin, wanda bai taɓa shiga aji ba. Na tafi da digirina da takardun cikewa, ina ganin ni ne zan koya masa aiki. Na faɗi kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, marke, daga nan sai bakina ya mutu. Shi kuwa sai ya tsinki ganye ya murza ya shinshina, ko ya ɗan sari ɓawo ya dubi ruwan da ya fito, ya gaya mini sunan icen da Hausa da Fulatanci, da watan da yake fure, da dabbar da ke cin 'ya'yansa. Shi ne ya nuna mini bambancin doka da farar doka, ya sa na shafa ganyen na ji gashi-gashin da ke jikin na farar.

Laifina shi ne, abin da takarda ta tambaya kawai na rubuta, wato yawan itatuwa da kaurinsu. Na yi masa alkawarin zan dawo da littafi mu zauna. Yau da gobe, ban koma ba sai 2018. Na tarar Allah ya yi masa rasuwa, madobiyoyin da muka ƙirga tare kuma sai kututture. Na yi asarar malami da littafinsa a lokaci guda, kuma har yau abin yana ci mini rai. Wannan ne ya sa na shiga neman sanin waɗanda suka riga mu yin aikin da ni na kasa.

Baƙin farko

Iyayenmu da kakanninmu sun san tsirran nan tun fil azal. Wanzamai, maharba, makiyaya, marina, majema da ungozomai, kowa da nasa fannin. Abin da Turawa suka zo da shi shi ne busar da tsiro a takarda, da adana shi, da ba shi sunan Latin wanda masana a duk duniya za su gane.

A tawagar Denham da Clapperton da ta ratso Sahara ta iso Borno a 1823 akwai wani likita, Walter Oudney, mai tattara tsirrai. Ya rasu a watan Janairun 1824 kusa da Katagum, a kan hanyarsu ta zuwa Kano, Clapperton kuwa ya wuce har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tsirran da suka tara sun isa Landan, inda masani Robert Brown ya yi nazarinsu. A rubutunsa na 1826 ne ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mungo Park. Bayan su an yi Theodor Vogel, Bajamushe, wanda ya biyo jiragen da suka shigo Kwara a 1841 ya rasu a ƙarshen shekarar, sannan Charles Barter na tawagar Dakta Baikie, wanda ya tara tsirrai masu yawa a ƙasar Nupe kafin ya rasu a Rabba a 1859.

Saboda haka ne za ku ga itatuwan da muka tashi a gindinsu suna ɗauke da sunayen baƙi. Kuka ita ce Adansonia, da sunan wani Bafaranshe, Michel Adanson, da ya yi bincike a Senegal. Gawo shi ne Faidherbia, da sunan wani gwamnan mulkin mallaka na Faransa a Senegal ɗin. Kaɗanya ma ta daɗe ana kiran ta da sunan Mungo Park kafin masana su koma ga sunan Vitellaria.

Dakta Dalziel

Wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Dakta John Dalziel, likita ɗan asalin Sikotilan, wanda aka haifa a 1872 ya rasu a 1948. Ya kama aikin likita a Afirka ta Yamma a 1905, ya zauna a wurare irin su Sakkwato, Katagum da Yola. Ku lura, shi ma ma'aikacin gwamnati ne kamar yawancinmu, kuma ba aikin tsirrai aka ɗauke shi ba. Idan ya tashi daga asibiti sai ya shiga daji da kasuwa yana tambaya: mene ne sunan wannan, me ake yi da shi? A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya. Daga baya ya koma lambun bincike na Kew da ke Landan, inda shi da John Hutchinson suka wallafa babban kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. A 1937 kuma ya fitar da wani a kan amfanin tsirran. An sabunta kundin farko tsakanin 1954 da 1972, kuma har yanzu ɗaliban jami'o'inmu ba su rabu da shi ba. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, sunan wannan likita yake ɗauke da shi: Boswellia dalzielii.

Wani abin sha'awa shi ne akwai inda Hausa ta shiga cikin sunan kimiyya kanta. Doka ita ce Isoberlinia doka. Iburu, ɗan'uwan acca, shi ne Digitaria iburua, sunan da aka ba shi a 1915. Duk masanin da ya ambaci waɗannan, ko a Jamus yake ko a Japan, kalmar kakanninmu yake furtawa.

To, amma a nan akwai abin dubawa. Sunan Bature yana kan littafi, yana kuma kan ice. Mutumin da ya riƙe masa jaka ya kai shi gindin icen, da tsohuwar da ta gaya masa abin da ake yi da saiwarsa, yawancinsu ba wanda ya rubuta sunansu. Ba na faɗin haka don in rage wa Dalziel daraja, domin ba don ya rubuta ba da sunaye da dama sun ɓace. Ina so ne mu gane cewa ilimin daga gidajenmu ya fito.

Tsirran da babu su a ko'ina sai nan

Masana suna ba da muhimmanci na musamman ga tsiron da ba a samun sa a duk duniya sai a yanki guda, domin idan ya ƙare a wurin, to ya ƙare ke nan har abada. Wani lissafi da aka buga a 2014 ya kawo irin waɗannan nau'i 91 a Nijeriya, kuma kaso mafi tsoka yana kurmin Oban na Jihar Kuros Riba. Mu nan Arewa ba mu da su da yawa, kuma akwai dalili. Dajinmu shimfiɗe yake tun daga Senegal har Sudan, babu teku ko dogon tsauni da ya raba shi, don haka aduwar da ke Katsina ita ce a Maraɗi, ita ce a Chadi. Inda ake samun na daban shi ne kan tuddai masu sanyi, kamar Filato da Mambila, inda tsirrai suka daɗe a ware. A dajin Ngel Nyaki da ke Mambila akwai tashar bincike da masana na gida da na waje suka yi shekaru suna aiki, kuma tsirran wurin sun fi kama da na tsaunukan Kamaru fiye da namu.

Sai dai kada wannan ya sa mu saki jiki. Madobiya tana ko'ina a Afirka ta Yamma, amma cikin 'yan shekaru masu fitar da gungumenta zuwa ƙasar Sin suka kusa share ta daga dazuzzukan Taraba, Adamawa da Kogi. A 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa ido a kan cinikinsu, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya, a shekarar kuma aka lissafa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. A 2022 maɗaci da ƙawo suka bi ta cikin wancan jeri. Ƙirya kuwa masu gawayi sun sa ta a gaba. Idan ice ya ɓace daga gari, sunansa ma yakan bi shi, domin yaro ba ya tambayar sunan abin da bai taɓa gani ba.

Da safen nan na zaga harabar makarantarmu. Abin da ya fi yawa shi ne darbejiya, 'yar asalin Indiya, da zaiti, ɗan asalin Ostireliya. Inuwarsu ta yi mana rana, ba na musu. Amma ɗinyar nan ta bayan ɗakin cin abinci, wadda wasu manyan mutane da ke zaune a layin gaba suka sha bulala a kanta, babu ita.

Shawarwari

Ranka ya daɗe Shugaban Taro, ina da shawara uku, kuma babu wadda za ta girgiza asusun ƙungiya.

Ta farko, mu taimaka wa makaranta ta buɗe ƙaramar ma'ajiyar busassun tsirrai. Babbar ta ƙasa tana Ibadan, a cibiyar binciken gandun daji, akwai wata kuma a Jami'ar Ahmadu Bello, amma yadda ake aikin ɗaya ne. A yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako, a riƙa canza jaridar kullum har ya bushe, sannan a manna shi a kwali. A rubuta sunansa, da wurin da aka samo shi, da kwanan wata, da sunan wanda ya tsinko. Ni kuma na ƙara da cewa a rubuta sunan dattijon da ya faɗi sunan. Kabad guda da kwalaye sun isa a fara.

Ta biyu, kowane ɗalibi idan ya tafi hutu ya dawo da sunayen tsirrai 10 daga bakin wani babba na garinsu, da amfaninsu kamar yadda aka gaya masa. Kusan kowane gida yanzu akwai waya mai ɗaukar murya da hoto, abin da Dalziel bai taɓa samu ba. Mu ma tsofaffin ɗalibai kada mu tsame kanmu.

Ta uku, kowane rukunin shekara ya ɗauki nauyin icen gida guda, ɗinya ko kanya ko taura ko madobiya, a dasa a kewaye shi, a kafa masa allo mai sunansa na Hausa da na kimiyya. Inda kuma kututture ke tofo a gonar makaranta, a bar shi a gyara masa rassa. Da wannan dabara ta sassaben zamani manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da miliyoyin itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980.

Kammalawa

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Manyan nan suna nan a garuruwanmu, amma kullum raguwa suke yi. Ni na yi jinkirin shekara biyu na rasa nawa malamin, ba na so ɗayanku ya ɗanɗani irin wannan nadama. Na yi wa rukuninmu alkawarin dashen ɗinya kafin damina ta kama, kuma na sa hannu a takardar Sakatare, don kada a ce daɗin baki ne.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, tare da wancan dattijo maharbi, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.