Allah Bai Tsaya a Gida Ba

Karatu: Irmiya 29:1-14

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa na Gololo da Gamawa da Azare da dukan ƙasar Katagum, da kuma 'ya'yanmu da ke ƙetare.

Kwanan baya wata dattijuwa daga wajen Gololo ta zo wurina da wayarta a hannu. Ta ce, "Baba Fasto, ka saurari abin da 'yarka ta aiko mini." 'Yar tata ma'aikaciyar jinya ce, ta yi aiki a Azare, daga baya a shekarar 2022 ta sami aiki a Ingila, ta tafi da mijinta da 'ya'yansu uku. Da za su tafi an yi murna, an yi sujadar godiya. Amma muryar da na ji a wayar nan ta mai gajiya ce. Ta ce a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ita tana aikin rana, maigidan yana aikin dare, a bakin ƙofa suke gamuwa. Sau da yawa aikinta yakan faɗo ranar Lahadi. Maƙwabci ba ya shigowa gaisuwa. Ƙaramin yaron kuma, in kakarsa ta yi masa magana da harshen Karekare ko Hausa, da Turanci yake amsawa. A ƙarshe ta ce, "Inna, ina addu'a, amma ji nake kamar a gida na baro Allah."

Wannan kuka ba sabo ba ne. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe Sarki Yekoniya da fadawa da maƙera da sauran masu sana'a daga Urushalima zuwa Babila. Tafiyar ba kusa ba ce, gama daga baya da Ezra ya komo, wata huɗu ya yi a hanya. Mutanen nan sun san Haikali yana Urushalima, sai suka ɗauka Allah ma can ya tsaya. Wani annabin ƙarya mai suna Hananiya ya yi shelar cewa cikin shekara biyu kowa zai koma gida. Amma Ubangiji ya sa Irmiya ya rubuta musu wasiƙa, ya gaya musu gaskiya: shekara saba'in za su yi. 'Yan'uwanmu na ƙetare ba kamammun yaƙi ba ne, da ƙafarsu suka tafi neman abinci, kuma babu zunubi a ciki. Duk da haka akwai abu uku a wasiƙar nan da za su taimaki kowane iyali da ke baƙunci.

Na farko, ku zauna da zuciya ɗaya. A aya ta 5 da ta 6 Allah ya umarce su su yi gini, su yi noma, su aurar da 'ya'yansu. Wato kada su zauna a kan ƙunshin kayansu suna ƙirga kwanaki. Mukan ce baƙo raɓa ne, amma wani baƙuncin har jikoki ake gani a cikinsa. Akwai masu cewa, "Sai na koma gida zan ci gaba da hidimar Ubangiji." Ɗan'uwa, shekarun nan da kake jira, su ne shekarun da 'ya'yanka suke girma. Ka nemi ikilisiya kusa da kai, ka shiga. Waƙarsu ba irin tamu ba ce, babu gangar Zumuntar Mata, wataƙila sujadar awa ɗaya ce kawai, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Amma in ana wa'azin Almasihu da aka gicciye ya kuma tashi, danginka ne. In aiki ya cinye safiyar Lahadi, ka nemi sujadar yamma ko ta tsakiyar mako. Garwashi in ya ware daga murhu, mutuwa yake yi.

Na biyu, ku riƙe addu'ar iyali. Daniyel yana cikin waɗanda aka kai Babila tun yana saurayi. Ya koyi harshensu da karatunsu, aka sake masa suna, ya yi wa sarki aiki da aminci. Bai yi gardama a kan waɗannan ba. Amma ya ƙi abincin da zai ƙazantar da shi, kuma sura 6 ta nuna mana har ya tsufa sau uku yake durƙusawa a rana. Hausawa sukan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka. Akwai gaskiya a ciki: ka koyi kiyaye lokaci, ka bi dokar ƙasa, ka sa rigar sanyi, ka ci dankalin Turawa in babu tuwon gero da miyar kuka. Amma ba kowace wutsiya ake ɗaurawa ba. Ku zauna ku biyu, miji da mata, ku tsai da lokaci guda a yini, ko da minti goma ne a bakin ƙofar nan da kuke gamuwa. A karanta aya ɗaya, a yi addu'a, yara suna gani.

A kan harshe kuma, Nehemiya 13:24 ya ba da labarin yaran da suka tashi ba su iya harshen Yahuda ba, abin kuwa ya dame shi ƙwarai. Allah yana jin Turanci, babu shakka. Amma yaron da ba ya jin harshen kakarsa, ta yaya za ta ba shi labarin abin da Ubangiji ya yi wa gidansu? Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ku sa shi a jaka kafin daddawa da kuɓewa busasshiya. Ku koya wa yara Addu'ar Ubangiji da harshenku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, ku nemi alherin garin da kuke. Aya ta 7 ita ce mafi wuya, gama Allah ya ce su yi wa Babila addu'a, birnin da ya kwashe su, domin zaman lafiyarsu yana ɗaure da nasa. Mu Kiristocin ƙasar Katagum mun san wannan darasi tun a gida. Ba mu da yawa, amma muna cin kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, muna zuwa musu barka da ta'aziyya, su ma suna zuwa mana. Wanda ya koyi wannan a Gololo, ya riga ya sami guzurin zama a ko'ina. 'Yata, tsohuwar Baturiyar nan da kike wankewa a asibiti, wadda babu mai zuwa duba ta, hidimar Ubangiji kike yi a kanta. Ki tuna da Akila da matarsa Bilkisu a Ayyukan Manzanni 18. An kore su daga Roma, suka sauka a Koranti suna ɗinkin alfarwa, daga baya gidansu ya zama wurin taruwar ikilisiya.

Yanzu gare mu da muke gida. Kada kowane kiran waya ya zama na neman kuɗi. Mai karɓar fam, da fam yake biyan haya da wuta da abinci. A watan Maris na 2024 ma gwamnatin Birtaniya ta hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalinsu, saboda haka akwai waɗanda suke can su kaɗai, mata ko miji da 'ya'ya suna nan. Ku kira su ku tambayi lafiyar ransu. Ku yi addu'a tare a waya. Dattawan ikilisiya, kada ku share sunansu daga zuciyarku don sun yi nisa.

Na ce wa dattijuwar nan ta gaya wa 'yarta ta karanta aya ta 12 zuwa 14. A can Allah ya yi alkawari cewa in sun neme shi da dukan zuciya za su same shi. A ina? A cikin Babila, inda babu Haikali, babu bagade. Wanda ya ji Daniyel a ɗakinsa na bene yana jin mai jinya a cikin bas da asuba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, muna danƙa maka 'ya'yanmu da ke baƙunci. Ka ba su ƙarfi a wurin aiki, ka tsare aurensu, ka riƙe 'ya'yansu cikin bangaskiya. Ka sa su zama albarka ga garuruwan da suke zaune. Mu kuma ka koya mana mu ɗauki nawayarsu cikin addu'a. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.