Shara a Ƙauyukan Bakin Teku: Haƙƙinmu da Nauyin da Ke Kanmu



Iyayenmu sarakunan Hausawa, malamai, iyaye mata da matasa, muna yi muku barka da zuwa. Abin da ya tara mu yau shi ne batun shara a ƙauyukan bakin ruwa na Jihar Legas, daga Badagry da Ojo har zuwa Ibeju-Lekki da Epe, inda 'yan uwanmu da dama ke zaune suna neman halaliyarsu.

Kowa ya san motar shara ba ta wuce inda titi ya ƙare. Wasu ƙauyukan ma sai da kwalekwale ake isa. Saboda haka sai a ƙona shara a bayan gida ko a zuba ta cikin ruwa, igiya kuma ta kai ta ƙofar maƙwabta. Leda ta toshe kwata, sauro ya yawaita, yaranmu su kwanta da zazzaɓi.

Ya kamata mu san abin da doka ta ce. Jadawali na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Ke nan idan mun nemi a kwashe mana shara, ba alfarma muke roƙo ba.

To amma ƙauye ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin jirgi ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka muna kira ga ƙananan hukumomin gaɓar teku da hukumar LAWMA da su yi tsari guda: a ware wurin tara shara a kowace tashar kwalekwale, a tsayar da ranar da jirgi zai bi ƙauyuka yana ɗauka har zuwa inda mota ke isa, a kuma raba kuɗin aikin tsakaninsu.

Abu na biyu, a farkon 2018 gwamnatin jiha ta haramta turin baron shara, alhali matasanmu da yawa da shi suke ci. Muna roƙon a yi wa 'yan gwangwan da masu tsintar roba rajista, a ba su katin shaida, a sa su cikin tsarin, domin su ne suka san kowane lungu.

Mu ma akwai namu. Mu riƙa ware roba da ƙarfe daga ragowar abinci. Masu sayar da abinci su tuna an hana robar kumfa tun watan Janairun 2024. Duk wanda ya biya kuɗin shara ya karɓi rasit ya adana. Kowace unguwa kuma ta ba sakatare sunan wakilinta da zai riƙa halartar taron ƙungiyar ci gaban unguwa, don kada a yi mana aski ba ma nan.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.