Jawabi bisa birnin Lizbon da jami'arsa



Yau hirarmu bisa Lizbon take, babban birnin Portigal, inda kogin Taju ke shiga teku. Musulmi sun riƙe garin fiye da shekara 400, har 1147. Tsohuwar unguwar Alfama ma daga Larabci sunanta ya fito.

Sarki Dinis ya kafa jami'a can a 1290. Aka yi ta kai da komo da ita, har ta zauna garin Kuwimbra a 1537. Lizbon ba ta sake samun tata ba sai 1911.

Ga dalilin kawo zancen. Kullum kuna ce mana lakkol na raba yaro da hauya. To, Amilkar Kabral aikin gona ya tafi karantawa Lizbon a 1945. Da ya komo Gine-Bisau, a 1953 ya bi ƙauye-ƙauye yana ƙidayar gonaki da abin da ake nomawa. Nan ya san talakawan da ya ja daga baya zuwa yaƙin neman 'yanci. Makarantar tasa ta shiga cikin jami'ar Lizbon a 2013.

Ranar Litinin za mu fara rubuta sunayen sabbin yara. Ku kawo su, har da 'yan mata.