"Alo, kana ji na?": yadda za mu gyara kiran intanet a boks ɗin gida

Kafin in shiga bayani, bari in ba ku labarin abin da ya sa na koyi wannan abu dole.

Bara cikin watan Afrilu, Baba ya faɗi da dare muka kai shi likita. Aka ce sai an yi aiki, kuma sai mun sayo magani kafin safiya. Yayanmu yana Abidjan, shi ne babba, shi ke aiko da kuɗi. Na koma gida don Inna ta gaya mishi da bakinta. Muka kira shi ta WhatsApp a kan wifin gida, ya ɗauka. Mu muna jin shi sarai, shi kuwa guntu-guntu yake jin mu. Inna ta ce, "Babanku ne munka kai likita." Abin da ya isa kunnenshi "Babanku" kawai, sai muryar Inna tana rawa. Muka ji ya ɗauki salati yana kuka. Inna tana ɗaga murya, "Kai ɗan nan, yana da rai!" amma ba ya ji. Na rubuta saƙo, saƙon ya tsaya bai tafi ba. Ba ni da forfe, ba ni da kiredi. Sai da na ruga shago na sa kiredi na kira shi ta layi. Kusan minti goma Yaya ya yi yana zaton ya zama maraya.

Alhamdu lillahi Baba ya warke. A daren nan na zagi rezo iya zagi. Da gari ya waye na buɗe cikin boks ɗin, sai na tarar da waya 17 a haɗe, alhali wayoyin gidanmu shida ne. Kuma a daidai lokacin kiran, autanmu yana ɗora bidiyon biki a status. Ashe laifin a ɗakinmu yake kwana.

To, ya murya take tafiya a intanet? Wayarka tana yanka muryarka ƙanana-ƙanana, galibi ƙunshi 50 a kowane sakan, ta aika su ɗaya bayan ɗaya. Ba su da nauyi. Kiran murya bai cika wuce kilobit 100 a sakan ba ta kowane ɓangare, kuma minti ɗaya a WhatsApp bai cika cin mega guda ba. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada tafiyar murya daga baki zuwa kunne ta wuce milisakan 150. Bidiyon YouTube yana iya tsayawa ya tara ya ci gaba. Ƙunshin murya in ya makara, zubar da shi ake yi, shi ne kalmar da ta ɓace.

Abu na biyu da ya kamata ku riƙe: koneksiyon hanya biyu ce. Ta saukowa tana da faɗi, ta hawa ƙunci gare ta. Muryarka ta hanyar hawa take fita. In wani a gida yana tura bidiyo, muryarka ta zama kabu-kabun da ya shiga bayan tirela a lungu. Shi ya sa muke jin Yaya shi ba ya jin mu.

Yanzu ga gyaran, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko, wurin da boks yake zaune. In mai pus ne na 4G, ku ɗora shi sama kusa da taga, kada ya manne da kwanon rufi, kada a sa shi cikin kabad ko bayan tele. Ku gwada taga biyu ko uku. A shafin boks ɗin akwai lamba da ake kira RSRP: in tana wajen -80 ko -90 lafiya lau, in ta gangara -110 rezo ya yi rauni. Kada kuma a lulluɓe shi da zane don ƙura. A zafinmu na Afrilu da Mayu, boks in ya ɗau zafi yakan yi sanyin jiki ko ya mutu ya tashi da kanshi.

Na biyu, ku shiga cikinshi. Ku juya boks ɗin, akwai takarda manne a ƙasa mai ɗauke da adireshi, sau da yawa 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ku rubuta shi a Chrome kuna haɗe da wifin. Kalmar sirri biyu ce: ta wifi, da ta shiga shafin gudanarwa, wadda a boks da yawa har yanzu "admin" ce. Ku canza duka biyun. Ku kashe WPS. Ku duba jerin wayoyin da ke haɗe, ku ƙirga. Ni ban ce a hana maƙwabci ba, zaman tare ya fi mega. Amma in boks ɗinku yana da wifin baƙi, ku buɗe musu shi daban, ku rage mishi gudu in akwai wurin yin haka.

Na uku, yawancin boks na yanzu suna fitar da wifi iri biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 2.4 yana zuwa nesa, yana ƙetare bango, amma cunkoso gare shi, don na maƙwabta duk a nan suke. Na 5 ya fi tsabta amma ba ya nisa. Mai kira ya zauna ɗaki ɗaya da boks ya hau 5. Kwamfuta ko tarhon tebur kuwa a ja musu waya kai tsaye, ta fi kowane wifi tabbas.

Na huɗu, fifiko. Ku nemi wurin da aka rubuta QoS. In akwai, ku sa wayar da ake kira da ita a sahun gaba. In babu, akwai QoS na gargajiya: doka a gida. Mu yanzu in Inna za ta kira Abidjan, ba status, ba TikTok, ba tura hotuna. Ku kuma duba wayoyinku, wasu suna kwashe hotuna zuwa Google Photos da zarar sun ga wifi, ba tare da kun sani ba. A WhatsApp, cikin "Stockage et données", akwai maɓallin rage cin mega lokacin kira, ku kunna shi in rezo ya yi rauni. In hoto yana wahalar da kiran, a kashe kamara. Jin murya ya fi ganin fuskar da ta daskare.

Na biyar na masu shago ne da buro da ƙungiyoyi, waɗanda ke son lamba ta tebur mai tafiya da intanet, wato layin SIP. Wanda ya sayar muku da layin zai ba ku abu uku: adireshin sabarsu, sunan shiga, da kalmar sirri. Za ku zuba su ko a shafin VoIP na boks, ko a ƙaramin akwatin ATA da ake jona tsohon tarho a jiki, ko a manhaja irin Linphone da Zoiper. A kula: ramin da aka rubuta TEL a bayan wasu boks na 4G ba lallai kiran intanet yake yi ba. A da yawansu kira ne na pus irin na kullum, kiredi yake ci, ba forfe ba. Ku tambaya kafin ku saki baki.

Matsalolin layin SIP kusan guda huɗu ne. In ya ƙi yin rajista, a sake duba kalmar sirri harafi-harafi, a tabbatar ƙofar da aka sa ita ce wadda suka bayar, galibi 5060. In ana jin gefe ɗaya kawai, ko kira yana yankewa kullum bayan kamar sakan 30, ku nemi SIP ALG a cikin boks ku kashe, ku kashe boks ku kunna. An yi shi ne don ya taimaka, amma sau da yawa shi ke ɓata adireshin da murya za ta dawo ta kai. In kuna iya kira amma in an kira ku ba ya ƙara, boks ne yake manta hanyar dawowa: ku rage lokacin sabunta rajista zuwa sakan 60 ko 120, ku kunna keep-alive. Na ƙarshe, in wani ya ce ku buɗe ƙofar 5060 ga duniya, ku yi hattara. A koneksiyon na pus galibi ba ya ma aiki, don mutane da yawa ne ke raba adireshi ɗaya na waje. Inda kuma ya yi aiki, akwai ɓarayi da ke laluben wannan ƙofa dare da rana, su shiga layin mutum su yi ta kiran ƙasashen waje a kan kuɗinshi.

Ya za ka gane inda ciwon yake? Kashe wifi, ka sake kiran da forfe na wayarka. In ya yi kyau, ka koma kan boks da mutanen gida. In duka biyun sun lalace, kira wani mutum daban. In da shi lafiya lau, matsalar tana can wajen ɗan'uwanka. In kana jin muryarka tana dawo maka, yawanci lasifikar wancan gefen ce, ya sa abin kunne. Wani lokaci kuma dokar ƙasa ce: a Dubai an toshe kiran WhatsApp, ko ka kwana kana juya boks ba zai shiga ba.

Sai wuta. Duk mun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Boks in ba wuta, akwati ne kawai. Abin daɗin shi ne ba ya cin wuta da yawa, yawancinsu volt 12 suke so. Ƙaramin batir na boks da ake sayarwa, ko batirin pano, yana riƙe shi awanni. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin cajarshi kafin ku jona, kada ku ƙone shi. Kuma ku riƙe wannan da kyau: WhatsApp ba ya kiran 17 na ƴan sanda, ba ya kiran 18 na ƴan kwana-kwana. Kowane gida ya ajiye waya ɗaya mai caji da ɗan kiredi da ba a taɓawa. Da na yi haka, da Yaya bai yi kukan minti goma ba.

In kun yi duk wannan kuma abin bai gyaru ba, to yanzu kuna da bakin magana. Ku yi gwajin gudu safe da rana da dare na kwana bakwai, ku ɗauki hoton sakamakon da rana da lokaci. Ku kai wa kamfanin ƙorafi a rubuce, ku riƙe kwafi. In sun yi shiru, akwai ARCEP, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa a ƙasar nan. "Rezo ba kyau" kowa yana faɗi a fada, shayi ya ƙare magana ta ƙare. Takarda mai kwanan wata daga gida ashirin na unguwa ɗaya kuwa, da wuya a ture ta gefe.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Yau da dare kowa ya juya boks ɗin gidansu, ya shiga, ya ƙirga wayoyin da ke ciki, ya canza kalmar sirri. Sannan ya zauna kusa da tsohuwarshi ya kira mata wanda ke nesa, ya tambaye shi ko yana ji da kyau. Wanda ya maƙale a wani mataki ya zo da hoton shafin ranar Asabar mu duba tare.

Allah ya dawo mana da matafiyanmu lafiya.